Jijiyar Dutse Ƙarƙashin Rairayin Daura

Fegmatait dutse ne da ya daskare daga narkakken dutse a can cikin ƙasa, kuma abin da ya raba shi da 'yan'uwansa shi ne girman ƙwaya. Giranait, wato dutsen nan mai ɗigo-ɗigo da ake fasawa a zuba kankare da shi, ƙwayoyinsa ba su cika wuce gero ko masara ba. Fegmatait kayan haɗinsu ɗaya da giranait, amma ƙwaya guda takan kai goro, ko dunƙulen hannu, ko tulu, wata ma ta fi mutum tsawo. Masana sukan fara kiran dutse da wannan suna idan ƙwayoyinsa suka haura kamar santimita 2 da rabi. Ba ya tashi tsauni shi kaɗai. Ratsawa yake yi cikin wasu duwatsu kamar jijiya a cikin nama, wani kaurinsa taƙi ɗaya, wani ya fi faɗin titi. Sunan daga harshen Girka ya fito, ma'anarsa abin da aka haɗa aka ɗinke, kuma wani masanin ma'adinai Bafaranshe, René Just Haüy, shi ya raɗa shi a farkon ƙarni na 19.

Abubuwa uku ne suka kusan cinye jikinsa, kuma duk ana iya gane su da ido da wuƙa. Na farko ƙanƙarar dutse, wadda littattafai ke kira kwats: fara ce ko ruwan toka, tana ƙyalli kamar gilashi, wuƙa ba ta kama ta, in ta fashe ba ta bin layi. Na biyu felsfa, mai launin madara ko jaja-jaja kamar naman kifi, wanda yake tsagewa sumul ta fuska biyu, har in aka juya shi a rana fuskar ta haska gaba ɗaya lokaci guda. Na uku maika, mai ɓarewa falle-falle kamar shafin littafi, farce ma yana ɓare ta. Ma'aunin tauri na Mohs ya ba ƙanƙara 7, felsfa 6, maika kuwa ba ta cika wuce 3 ba. Wannan bambancin tauri shi ne rabin labarin ƙasar Daura, domin ƙasa ce da aka shimfiɗa da abin da ya saura bayan ruwa da iska sun gama cin duwatsu irin waɗannan.

Hanyar da ta fi nuna wannan ita ce wadda ta tashi daga Kano ta bi Dambatta da Kazaure ta shiga Daura, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai. Mai neman dutse ya kamata ya fara daga Dala da Goron Dutse, ko da yake za su iya ruɗa shi. Abin da ke saman su marmara ce, ja mai ramuka-ramuka, wadda tsoffin maƙera suka riƙa samun tama a cikinta. Marmara ba dutsen asali ba ce; ɓawo ne da ya samu a sama bayan damina da rani sun yi dubban shekaru suna wanke ƙasa, suka kwashe abin da ke narkewa suka bar ƙarfe. Dutsen asali yana ƙasa da ita. Shi ne masana ke kira gindin ƙasa, tarin tsofaffin duwatsu masu ƙwaya da suka shimfiɗu ƙarƙashin Kano da Zariya da kudancin Katsina, kuma kusan rabin Nijeriya a kansu take zaune kai tsaye.

Gindin nan iri uku ne a dunƙule. Akwai nais, dutse mai zane-zane fari da baƙi kamar saƙi, wanda zafi da matsi suka murɗa har wani wuri ya fara narkewa. Akwai shist da danginsa, waɗanda asalinsu laka ce da yashi na tsohon teku, aka gasa su aka naɗe su suka zama dogayen zirin da suka miƙe daga arewa zuwa kudu. Sai kuma giranait da ya kutsa cikin waɗannan biyun kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, lokacin da tsohon ɓangaren ƙasa na Yammacin Afirka ya yi karo da na gabashinsa, tsaunuka suka tashi a inda yau ake noman gero. J. D. Falconer, wanda ya jagoranci binciken ma'adinan Arewa a farkon mulkin Turawa ya kuma buga littafinsa a 1911, shi ya kira wannan rukuni Tsohon Giranait, don ya bambanta shi da wani da ya zo daga baya. A zamanin wancan karo babu Tekun Atalantika, arewa maso gabashin Barazil a manne take da wannan yanki, shi ya sa jijiyoyin fegmatait na can da na nan suke kama da juna kamar 'yan ɗaki ɗaya.

Yadda jijiyar ke samuwa ana iya kwatanta shi da tashar mota. Idan narkakken giranait ya fara hucewa, ma'adinai sukan fara ƙulluwa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ɗebi sinadaran da suka dace da gurbinsa ya tashi. Amma akwai fasinjojin da babu motar da ke da kujerarsu: wasu sun yi ƙanƙanta, kamar litiyam da beriliyam da boron, wasu sun yi girma, kamar siziyam, wasu kuma nauyin cajinsu bai dace ba, kamar tantalam da nayobiyam da kuza. Su da ruwa sai su yi ta taruwa a ragowar narkakken, har ya zama saura kaɗan. Wannan ragowa ita ce motar ƙarshe. Tana da ruwa-ruwa, ba ta da kauri kamar uwarta, don haka sai ta matse ta shige duk tsagar da ta samu a dutsen da ke kewaye, ta daskare a can. An daɗe ana koyar da cewa girman ƙwayar daga sanyin jiki wajen hucewa ne, wato dai sannu ba ta hana zuwa. Binciken baya-bayan nan ya nuna ba lallai ba ne. Siririyar jijiya a cikin dutse mai sanyi ba ta da damar ɗaukar dubban shekaru tana hucewa. Ruwan da boron da fulorin ne suke hana ƙwayoyi da yawa tsirowa, suke kuma sauƙaƙa wa sinadarai tafiya, sai 'yan ƙwayoyin da suka tsiro su cinye abincin duka. Kamar gona ce da aka rage wa shuka aka bar tsiro ɗai-ɗai. A haka aka sami ƙwayar ma'adinin sufodumin da ta haura mita 12 a mahaƙar Etta ta Amurka, da ƙwayar beril mai kimanin mita 18 a Madagaska.

Daga Dambatta ƙasa takan fara ɗan tudu da gangare, kafin tuddan Kazaure su bayyana. Waɗannan tuddai galibi kwazait ne, tsohon yashi da ya gasu ya haɗe ya zama ƙanƙara zalla, kuma taurinsu ne ya sa suka tsaya bayan shist mai laushi da ke gefensu ya zaizaye ya zama kwari. Nan ne wuri na ƙarshe a wannan hanya da gindin ƙasa ke tsaye a fili kowa na gani, don haka nan ya kamata matafiyi ya sauka ya taka. Ba kan tudu ake dubawa ba. Bakin rafi ake bi, da kwazazzabon da ruwa ya yanka, da ramin da aka ɗebi burji, inda fuskar dutse take sabuwa. Alamar farko takan zo tun kafin a ga jijiyar: fararen tsakuwoyi masu kaifi a warwatse cikin gona a jere, da ƙyalƙyalin maika a turɓaya. Wanda ya bi jerin tsakuwar zuwa inda ruwa ya tone, yakan tarar da farin ziri ya ratsa baƙin nais, wani wuri ya bi zanen dutsen, wani wuri ya yanke shi a karkace. Wanda ya yanke, shi ne ƙarami a shekaru. Wannan ƙa'ida ba ta da togiya.

Idan jijiyar mai kauri ce, akan ga tsari a cikinta daga gefe zuwa tsakiya. Bakin da ya taɓa dutsen maƙwabta ƙwayarsa ƙanana ne, don nan ya fara sanyi. Daga nan sai bango mai manyan felsfa da littattafan maika da suka tsiro suna fuskantar ciki. A tsakiya sai ƙanƙara zalla, fara fat, ita ce ta daskare a ƙarshe. Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne wani yanki na bangon inda ƙanƙara da felsfa suka girma tare, a saƙe. In aka fasa shi aka tofa masa yawu aka goge da babban yatsa, sai a ga ƙananan alamu masu kusurwa, launin toka a kan fari, sun jeru layi-layi kamar an wanke allo tawadar ba ta gama fita ba. Turawa giranait mai rubutu suke ce masa, kuma asali wannan yanki ne Haüy ya raɗa wa suna fegmatait kafin sunan ya mamaye jijiyar duka. Shi ma dutsen maƙwabta ba ya tsira: ruwan zafin da ya fito daga jijiyar yakan bar masa baƙaƙen allurai na tomalin da ƙarin maika na ɗan taƙi ko kamu.

Bayan Kazaure, kafin a kai Sandamu, sai dutse ya ɓace. Ƙasa ta kwanta, ta yi fari, gawo da kuka da aduwa da kandili suka tsaya ɗai-ɗai cikin gonakin gero da wake da gyaɗa. An shiga masarautar Daura, mai ƙananan hukumomi biyar: Daura, Sandamu, Zango, Ɓaure da Mai'aduwa. Wannan rairayi ba na rafi ba ne, iska ce ta kawo shi. A zamanin da Sahara ta taɓa gangarowa kudu fiye da inda take yanzu, dubban shekaru kafin a kafa kowane birni, tuddan yashi sun rufe arewacin ƙasar Hausa. Da damina ta dawo sai ciyawa ta kama su suka tsaya cik. Masanin labarin ƙasa A. T. Grove ya yi rubutu a kansu a 1958, ya kira su tsohuwar hamadar yashi ta ƙasar Hausa. Manomi bai jira Grove ba: jigawa yake ce wa bayan tudun, fadama kuma ƙasan da ruwa ke kwanciya tsakaninsu, ya kuma san wanne ke son gero wanne ke son dawa da rake. In aka ɗebi rairayin jigawa a tafin hannu aka duba da kyau, kusan duk ƙanƙara ce, ƙwayoyin sun goge sun yi mulmul. Felsfa ya ruɓe tun tuni, maika ta tashi da iska. Mai taurin 7 kaɗai ya iso.

Wanda ke son ganin abin da ke ƙarƙashin rairayin, mahaƙa rijiya ne malamansa. Ƙasar da suke fitarwa da guga sukan zuba ta gefe tsibi-tsibi, kuma tsibin nan littafi ne da aka buɗe daga baya zuwa gaba. Na farko farin rairayi. Sai ja mai ɗan danƙo. Sau da yawa sai marmara, inda diga ke tartsatsi aikin ya tsaya cak na kwanaki, a nan ne ake sake ciniki da mai rijiya. In an huda ta, sai a faɗa cikin dutsen yashi mai laushi, mai tsakuwa, da shimfiɗun yumɓu fari ko shunayya a tsakani. Mahaƙa da gaba suke awo, kuma sun san irin yashin da in ya fara fitowa da sanyi a hannu, ruwa ya kusa. Waɗannan shimfiɗu su ne masana suka danganta da rukunin Gundumi, mai sunan wani wuri a ƙasar Sakkwato, wanda manyan koguna suka zubar fiye da shekaru miliyan 100 da suka wuce a gefen babban kwarin da ya haɗa Sakkwato da yammacin Nijar. Ta gabas kuma, wajen Ɓaure, ƙasa ta fara karkata zuwa kwarin Chadi mai shimfiɗu ƙanana a shekaru. Tsakuwar da ke cikin dutsen yashin nan ita ce abin lura. Fara ce, mulmulalliya, wata kamar ƙwan zabuwa, kuma ƙwayar ƙanƙara mai wannan girma ba ta fitowa daga giranait mai ƙananan ƙwaya. Daga jijiyoyi ta ɓalle, na ƙanƙara zalla da na fegmatait, da kuma kwazait irin na Kazaure, kogi ya gangaro da ita. Fegmatait ya iso Daura ke nan, amma a farfashe.

A tsakiyar birnin, rijiyar Kusugu tana cikin ginin da aka yi mata, ana ɗaga murfi a zura guga a ba baƙo ya sha. Labarinta sananne ne: macijin da ake kira Sarki, wanda ba ya bari a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, da Bayajidda da ya sare kansa, da Magajiya Daurama. Mutanen gari sukan ce ba a taɓa ganin ƙafewarta ba. Mai nazarin duwatsu ba shi da ta cewa kan macijin, amma yana da ita kan ruwan. Dutsen yashi kamar soso yake, ruwan damina yana nitsewa cikin rairayi ya zauna tsakanin ƙwayoyi, yumɓu ya tare shi daga ƙasa. A yankin da ruwan sama bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 a shekara ba, kuma duk cikin wata huɗu, gari ba ya daɗewa sai a inda ƙasa ke iya ajiya. A kan gindin ƙasa lissafin daban ne. Giranait mai lafiya ba ya riƙe ko ɗigo. Ruwa sai a ruɓaɓɓen samansa ko a tsaga. A nan ne jijiyoyin fegmatait da na ƙanƙara suke da wani amfani da ba a cika faɗa ba: saboda gautsinsu sukan tsattsage fiye da dutsen da ke kewaye, sai su zama magudanar ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Masu haƙa burtsatse a ƙasar dutse suna murna idan injin ya fara tofo farin gari mai walƙiya.

Sai dai ba rairayi da dutsen yashi kaɗai ke ƙasar Daura ba, kuma sunan garin ya shiga littattafan ilmin duwatsu ta wata ƙofa dabam. A 1974 masana biyu, D. C. Turner da P. K. Webb, suka buga bincike a mujallar Ƙungiyar Masana Duwatsu ta Landan kan wani rukunin duwatsun wuta da suka kira da sunan Daura, suka nuna cewa shi ne mahaɗi tsakanin Sabon Giranait na Nijeriya da na kudancin Nijar. Sabon Giranait labari ne mai zaman kansa. Ba karon ƙasa da ƙasa ne ya haife shi ba. Tsaunuka ne masu aman wuta da suka huda tsohon gindin daga baya, kowanne ya yi amansa, bakinsa ya rufta, giranait ya cike tsagar da ta zagaye shi kamar zobe. Zobban sun jeru daga arewa zuwa kudu, kuma shekarunsu na raguwa a kan hanya: na Azbin sun haura miliyan 400, sai na Damagaram da Muniyo, sai na Dutse ta Jigawa mai kimanin miliyan 213, sai Riruwai da Jos, har zuwa Afu ta Nasarawa mai kimanin miliyan 141. Tsakanin na Nijar da na Nijeriya akwai giɓi a taswira, inda rairayi ya rufe kome, kuma 'yan duwatsun da suka leƙo a ƙasar Daura su ne suka cike shi.

Wannan dangantaka tana iya sa mutum ya yi saurin lissafi, tunda Sabon Giranait ne ya ba Jos kuza, ya sa Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da kolombait a shekarun 1950, kuma a Riruwai an narka kuza tun kafin zuwan Bature. Amma zama ɗan dangi ba ya nufin gado. Ba kowane zobe ne ke da kuza ba, kuma game da fegmatait musamman, Sabon Giranait matalauci ne. Dalilin zurfi ne. Ya daskare kusa da sama, inda matsi bai isa ya riƙe ruwa cikin narkakken dutse ba, sai ruwan ya tsere ya zama tururi da ruwan zafi, ya bar ma'adinansa a warwatse cikin giranait ɗin ko a siraran tsagogi. Tukunyar da murfinta bai rufu ba ke nan. Manyan jijiyoyi masu tsari na Tsohon Giranait ne, wanda ya huce a zurfin kilomitoci.

Daga Daura titin ya ci gaba arewa zuwa Mai'aduwa, mai babbar kasuwar dabbobi, sannan Kwangwalam a bakin iyaka. Duk rairayi ne, ba abin da zai tsayar da mai guduma. Sai an tsallaka, an wuce Matamai, an doshi Damagaram, dutse zai sake fitowa, kuma fitowar ba ta wasa ba: manyan mulmulallun duwatsu sun hau kan juna a cikin unguwar Birni, gidaje sun lafe a jikinsu. Gari ne da ya zauna kan giranait, ya kuma sha wahalar ruwa tun fil azal, har ana lissafa ƙarancin ruwan cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke hedikwatar mulkinsu daga nan zuwa Yamai a 1926. Wanda ya sha ruwan Kusugu da safe ya kwana a Damagaram ya ga bambancin soso da faranti.

Mai neman fegmatait a zaune, ba a farfashe ba, yamma da kudu zai juya. Titin Katsina daga Daura, kimanin kilomita 80 ta Shargalle da Mashi, shi ma galibi rairayi ne, amma daga Katsina aka gangara wajen Dutsin-Ma sai gindin ƙasa ya sake ɗagowa, falalen duwatsu da ƙwanƙolayen tsaunuka su tsaya a tsakiyar gonaki. A ƙasar Ƙanƙara kuma ana haƙar farar ƙasa, wadda masana'antu ke kira kawolin, ana sa ta a fenti da alli da takarda da tangaran. Farar ƙasar nan felsfa ce da ta ruɓe a inda take. Ruwa mai ɗan tsami ya yi ta tsotse sinadaran kanwa da ke jikinta har ta zama gari mai santsi, shi ya sa in aka murza danyarta a hannu akan ji tsakin ƙanƙara da ɓarɓashin maika waɗanda ba su ruɓe tare da ita ba. Dutsen da ya fi yawan felsfa da ƙarancin ƙarfe shi ke ba da mafi fari, kuma fegmatait na cikin irin wannan. Abin takaici, tafiyar da a da ɗalibai ke yi da guduma da jaka zuwa wannan yanki ta zama sai an yi shawara, saboda ɓarayin daji.

Yawancin jijiyoyin da za a gani a wannan tafiya bakarare ne, wato ƙanƙara da felsfa da maika kawai, sai ɗan baƙin tomalin. Masu arziki kaɗan ne, kuma suna da wurinsu. R. Jacobson da J. S. Webb sun bayyana na Wamba da Jama'a a 1946, daga nan aka daɗe ana ganin zirin mai kimanin kilomita 400 ne kawai, daga ƙasar Yarabawa zuwa gefen Jos, kafin masu bincike daga Zariya su nuna akwai irinsu a yankin Kushaka da Birnin Gwari. Su ne ke ba da tantalait da kuza, da duwatsun ado irin su akwamarin da tomalin mai launi, da kuma litiyam na batirin waya da mota, wanda ya sa aka buɗe masana'antar sarrafa shi a Jihar Nasarawa a watan Mayun 2024. Ƙa'idar da aka lura da ita a duniya ita ce, jijiyar da ke jikin uwar giranait takan zama bakarariya, mai arzikin tana can nesa da ita, sau da yawa cikin shist, don ita ce motar da ta tashi a ƙarshen ƙarshe ta kuma fi nisan zango.

Tun da labarin litiyam ya bazu, ba a rasa mai shigowa kasuwa da dutse ƙunshe a leda yana neman wanda zai duba masa. Wanda ya fi yaudarar mutane shi ne baƙin tomalin, don ana ɗaukarsa kolombait. Rarrabe su ba wuya. Tomalin dogo ne kamar guntun rake, da zane-zane a tsaye a jikinsa, in aka dubi kansa yana da kusurwa uku masu ɗan kumburi, kuma nauyinsa bai fi na ƙanƙara da yawa ba. Kolombait ya ninka ƙanƙara nauyi, tantalait da kuza sun kusa ninka ta uku, hannu ma yana faɗa kafin sikeli. In aka wanke garinsu a ƙwarya, su ke kwanciya a gindi bayan farin yashi ya fita. Litiyam ya fi wuyar sha'ani. Maika mai launin shunayya alama ce mai kyau, amma sufodumin fari yana kama da felsfa har ya ruɗi gwani, kuma ido ba ya faɗin kashi nawa ke ciki. Wannan sai ɗakin gwaji, irin na Hukumar Binciken Duwatsu ta Ƙasa da ke Kaduna. Ko an tabbatar, dokar ma'adinai ta 2007 ta ce abin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, mai gona ba ya haƙa sai da lasisi daga Abuja. Ƙurar ƙanƙara kuma, ga masu fasa ta a busasshe ba tare da rufe hanci ba, tana taruwa a huhu ta zama ciwon da ba ya warkewa.

A ƙasar Daura kanta, tambayar ko gindin da ke ƙarƙashin rairayi yana ɗauke da jijiyoyi masu arziki tana da wuyar amsawa daga sama. A shekarun 2000 an yi shawagi da jirage a kan Nijeriya ana auna maganaɗisun ƙasa, kuma irin wannan awo, tare da na nauyi, yana iya zana iyakar zoben giranait ko babbar tsaga ko da rairayi ya binne su. Fegmatait kuwa ba ya jan maganaɗisu, nauyinsa kuma kusan ɗaya ne da na dutsen da ya ratsa, don haka na'ura takan wuce ta kansa ba ta ji kome ba. Abin da ya rage shi ne duk inda aka huda ƙasa saboda wata bukata: garin da injin burtsatse ke tofarwa mita bayan mita, ramukan burji, da yankan da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar a 2021 ya kuma bi ta Kazaure da Daura, ya yi a jikin tuddai. Garin burtsatse shi ya fi arha, ya kuma fi saurin ɓacewa, domin da zarar ruwa ya fito akan share shi a zuba siminti a wurin.